Yadda Muka Fitar da Kundin Gajerun Labarai a Hartum da Boko da Ajami

Tsakanin tsakiyar shekarar 2021 da farkon 2022, zauren marubuta na ɗalibai masu jin Hausa a Hartum ya tattara gajerun labarai, ya tace su, ya fitar da 12 daga cikinsu a littafi guda, kuma ni aka ɗora wa nauyin bin aikin tun daga kiran marubuta har zuwa ɗauko kwalayen littafin daga maɗaba'a. 'Yan'uwanmu ɗalibai da ke karatu a Madina da Alƙahira sun sha tambayata yadda muka yi, kuma tun da amsar ta fi ƙarfin saƙon waya, na ga ya dace in rubuta ta daki-daki, musamman ɓangaren da ya fi cin lokacinmu, wato fitar da kowane labari sau biyu, da boko da kuma ajami.

Zauren ba kwas ba ne da ke cikin manhaja, ba a ba da maki a kansa, kuma babu takardar shaida a ƙarshensa. Yawancinmu ɗaliban Jami'ar Afirka ta Duniya ne, wadda ta faro a matsayin Cibiyar Musulunci ta Afirka a 1977 kafin ta zama jami'a a 1992, kuma wadda ta tara ɗimbin 'yan Najeriya da Nijar tare da ɗaliban wasu ƙasashe. Wasu kuma daga Jami'ar Hartum da sauran makarantun birnin suke zuwa. A lokacin muna haɗuwa ranar Asabar da hantsi, kasancewar Juma'a da Asabar ne hutun mako a Sudan, a wani ɗakin karatu da aka ara mana, mata a gefe guda maza a ɗaya gefen. Wani malamin adabi, Bahaushen Sudan da ya taɓa zaman karatu a Kano, shi yake jagorantar zaman ba tare da an biya shi ko fam ɗaya ba, kuma Duktur kawai muke kiransa.

Kashi biyu ne mu, kuma duk abin da zai biyo baya daga nan ya samo tushe. Akwai mu baƙi, 'yan Kano da Sakkwato da Maraɗi da Damagaram, waɗanda muka tashi muna karanta littattafan Hausa na boko. Akwai kuma masu gida, Hausawan Gadarif da Kassala da Sinnar da Wad Madani da Mai Wurno. Kakannin wasunsu hanyar hajji ta ƙasa suka biyo, suka yada zango, zangon ya zama gida. Wasu cikin hijirar da ta biyo bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zo, bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a har bakin Shuɗin Nilu inda garin da ke ɗauke da sunansa yake. Wasu kuwa aikin audugar Jazira ya riƙe su bayan kammala madatsar Sinnar a 1925. Waɗannan 'yan'uwa da Hausa suke magana a gida da kasuwa, amma karatunsu kaf da Larabci suka yi shi, kuma ko wanda ya san haruffan Turanci a cikinsu yakan yi tuntuɓe idan ya haɗu da c da ƙ da ɗ da ts a shafin Hausa.

Mataki na farko shi ne kira. Mun rubuta sanarwa da Hausa da Larabci, muka liƙa a allunan ɗakunan kwana, muka kuma watsa a rukunonin WhatsApp na ɗalibai. Mun ƙayyade tsawon labari tsakanin kalmomi 1,000 da 1,500, ma'aunin da muka aro daga gasar Hikayata ta mata zalla da sashen Hausa na BBC ya fara a 2016, domin 'yan'uwanmu mata su saba da wannan awo idan sun tashi shiga gasar. Ba mu ba da jigo ba, saboda Duktur ya ce duk ranar da aka umarci sabon marubuci ya yi rubutu a kan haƙuri ko illar shaye-shaye, huɗuba zai kawo da sunayen mutane a cikinta. Sharaɗin da ya fi kowanne amfani, a ganina, shi ne wanda wata ɗalibar Gadarif ta nace a saka, cewa a karɓi labari ta duk hanyar da ya zo, ko an buga shi da boko, ko an rubuta shi da hannu da haruffan Larabci yadda mutum ya iya, ko ma an naɗe shi da murya. Da mun tsaya a kan boko kaɗai, da littafin ya zama na baƙi zalla, a ƙasar da masu gida suka fi mu labarin da za su bayar. Waɗanda suka zo da murya ni da wasu muka zauna muka mayar da su rubutu, sa'annan muka karanta wa masu su domin su tabbatar ba mu sa musu magana a baki ba. Ni kuwa tun da ni zan tace, an yanke cewa nawa labarin ba zai shiga ba, kuma ban yi jayayya ba.

Tsarin karatun da Duktur ya kawo shi ne wanda aka san shirin horar da marubuta na Jami'ar Iowa ta Amurka da shi, shirin da aka kafa a 1936. Ana raba labari mako guda kafin zama, kowa ya karanta ya yi rubutu a gefen takarda, ranar zama kuma mai labarin ya kame bakinsa har a gama, ba ya kare kansa, ba ya bayanin abin da yake nufi. Hujjar ita ce mai karatu a Kassala ko Katsina ba zai sami marubucin kusa da shi ba balle ya tambaye shi, saboda haka abin da bai fito a takarda ba babu shi. Shirun marubuci bai ba mu wahala ba. Abin da ya so ya gagara shi ne buɗe bakin masu sharhi, domin a tarbiyyarmu ƙarami ba ya duban wanda ya girme shi ya ce masa aikinsa bai yi ba, kuma a zaman farko-farko abin da ake ji shi ne "Ma sha Allah, Yaya, Allah ya ƙara basira," a tashi. Muka gwada cire sunaye daga takardu, amma hakan bai ɓoye kowa ba, don layi biyu sun isa a bambance Basakkwace da Bakano, balle ɗan Gadarif. Abin da ya yi aiki a ƙarshe shi ne tambayoyi biyu da aka wajabta wa kowa ya amsa a rubuce kafin ya shigo: a wane layi hankalinka ya bar takardar, kuma wace magana ce a cikin labarin ba ka yarda mai ita zai faɗe ta ba. Mutumin da ke jin nauyin cewa shafi bai yi kyau ba, ba ya jin nauyin nuna inda shi da kansa ya daina bi.

Cututtukan labaran iri ɗaya ne suke maimaituwa. Da yawa suna buɗewa da siffanta budurwa daga gashi har yatsun ƙafa, suna rufewa da farkawa daga mafarki ko da sakin layi na nasiha. Mafi yawa kuma suna ƙoƙarin cusa rayuwar mutum tun daga ranar suna har jana'iza cikin shafi biyar. Labarin da ya fi koya mana darasi a kan wannan shi ne na ɗalibar Gadarif ɗin nan, a kan wata tsohuwa da aka haifa a Sudan, aka haifi uwarta a Sudan, ta je neman lambar ɗan ƙasa aka ce ta kawo shaidar asali. Rubutun farko ya faro ne daga fitowar kakan tsohuwar daga ƙasar Hausa, ya bi ta Barno da Wadai da Darfur, har aka ci rabin kalmomin ba a ga tsohuwar ba. Da aka gama sharhi Duktur ya ce, "'Yata, labarinki a shafi na uku yake farawa, a inda tsohuwar ta zauna a kan benci." Ta ce, "Duktur, idan na cire tafiyar kakanta, wa zai san dalilin da abin ya yi mata ciwo?" Ya ce ta bar tsohuwar ta faɗi abin da za ta iya faɗa wa ma'aikacin da ke bayan taga, sauran kuma mai karatu zai ji shi daga abin da ta haɗiye. Rubutun ƙarshe a safiya guda ya faru, a layin jira guda, kuma tafiyar shekara da shekaru ta koma jimla biyu a bakin tsohuwar. Shi muka buɗe littafin da shi, kuma har yau ban sauya ra'ayi ba cewa ya fi sauran.

Zaɓe ya zo mana da muhawarar da ta fi kowace zafi. Kuɗin da muke sa ran tarawa zai iya buga kusan duk labaran da suka tsallake karatu idan da boko kaɗai ne, amma idan kowanne zai fito sau biyu dole a zubar da fiye da rabi. Wasu suka kawo shawarar a buga duka da boko, a zaɓi na masu gida kawai a mayar ajami. Ni ina cikin waɗanda suka ƙi, domin wannan tsari yana nufin mu baƙi za mu karanta kowa, su kuwa kansu kaɗai za su karanta, alhali dalilin haɗuwarmu shi ne matar da ke Kassala ta ji yadda ake rayuwa a Damagaram. Da aka kaɗa ƙuri'a, ɓangarenmu ya rinjaya da ƙyar. Mutum uku suka yi zaɓen, Duktur da ɗaya daga kowane kashi, kuma duk wanda labarinsa bai shiga ba an ba shi takardar dalilai, abin da bai hana wasu daina zuwa zaure na ɗan lokaci ba.

Daga nan sai batun takarda, wanda ya zo da wuri saboda halin da tattalin arzikin Sudan ke ciki a lokacin. A watan Fabrairun 2021 gwamnati ta karya darajar fam, dala ta tashi a hukumance daga fam 55 zuwa kusan 375, kuma zuwa watan Yuli hauhawar farashi ta haura kashi 400 cikin ɗari. Mai maɗaba'ar da muka samu, wani dattijo da ya daɗe a sana'ar, ya faɗa mana gaskiya cewa farashin da zai ba mu ba zai kai mako ba, kuma kuɗin da muka ajiye a asusu narkewa yake yi, saboda haka mu sayi takarda yanzu mu ajiye a rumbunsa. Shi ya koya mini lissafin. Babban fallen takarda mai faɗin santimita 70 da tsawon 100 yana ba da shafi 32 idan an naɗe shi, wato abin da suke kira malzama guda biyu masu shafi 16 kowace. Littafi mai shafi 160 zai ci falle 5, kwafi 500 kuma falle 2,500, wato rim 5, a ƙara ɗaya saboda abin da inji zai lalata. Ya ce ƙasa da kwafi 500 ba ya biyan kuɗin farantan ƙarfen da ake ɗora wa inji, waɗanda suke kira zinkat. Kuɗin daga karo-karon ɗalibai ya fito, ta manhajar tura kuɗi ta Bankak da kowa ke amfani da ita, sai wani kaso mai tsoka daga wani attajirin riɗi na Gadarif, kawun ɗaya daga cikinmu, wanda sharaɗinsa kawai shi ne kada a rubuta sunansa. Mun sayi takardar a farkon Satumba, kuma a tsakiyar watan masu zanga-zanga a gabashin ƙasar suka rufe tashar jiragen ruwa ta Port Sudan da hanyar da ta haɗa ta da Hartum har zuwa farkon Nuwamba, kayan da ake shigowa da su suka ƙara tsada. Sai dai sayen da wuri ya ɗaure mu, domin daga ranar littafin ya zama shafi 160, ba ƙari ko ɗaya.

A wajen tace harshe, tambayar ita ce wace Hausa za a bi. Hausar Sudan cike take da kalmomin Larabcin Sudan a duk abin da ya shafi ofis da gona da asibiti da mota, lamarin da Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Hartum, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya yi wa cikakken nazari a littafinsa na 1999. Akwai a cikinmu waɗanda suke ganin wannan gurɓata ce da ya kamata a wanke. Amsar da na ba su ita ce Hausar Kano ma haka take da Ingilishi, ta Maraɗi da Faransanci, sabo ne kawai ya sa ba ma jin namu. Ƙa'idar da muka tsayar ita ce maganar mutanen cikin labari ba a taɓa ta, manomin Jazira zai kira gonarsa hawasha kamar yadda yake kiranta, amma a muryar mai ba da labari, idan kalma za ta tsayar da mai karatu na ɗaya ɓangaren, sai a nemi marubucin ya gina jimlar yadda ma'anar za ta fito da kanta. Ba mu sa jerin ma'anonin kalmomi a ƙarshen littafi ba, saboda babu shafin da za a ba shi.

Ƙa'idojin rubutun boko ba su jawo gardama ba, aiki ne kawai mai yawa. Rubutun waya ya ɓata hannun kusan kowa, ana sa x a madadin z, q a madadin ƙ, ana haɗe "ya ce" da "na yi" su zama kalma guda, ana kuma raba "yakan" da "sukan" da ya kamata a haɗe. Mun bi daidaitacciyar ƙa'idar da aka gina a tarurruka irin na Bamako a 1966 da na Yamai a 1980. Inda Najeriya da Nijar suka saɓa, wato 'y da ƴ, mun ɗauki na Najeriya don kawai ya fi sauƙin bugawa, kuma 'yan Nijar suka yarda bisa alkawarin a juya a kundi na gaba.

Muna tsakiyar wannan aiki sojoji suka karɓe mulki ranar 25 ga Oktoban 2021, aka yanke intanet na wayoyi fiye da mako uku. Ranakun zanga-zanga ana rufe gadoji, wanda ke Umdurman ko Bahri, a tsallaken kogi, ba shi da hanyar tsallakowa. Gyara ya koma kan takarda da jan biro, fayiloli kuma suna yawo a filashi daga hannu zuwa hannu, kuma a nan na ga amfanin ƙa'idar da muka kafa tun farko, cewa kwafin asali ɗaya ne tak, a kwamfuta ɗaya, kuma mutum ɗaya ke shigar da gyara a cikinsa.

Ajami shi ne ya ci mafi yawan watannin da suka rage. Da farko mun ɗauka cewa duk wanda ya iya karatun Larabci zai karanta ajamin Hausa kai tsaye, sai gwajin da muka yi da matasan unguwar Mayo da ke kudancin Hartum ya nuna akwai ajami biyu a ƙasa. Na tsofaffi shi ne na ƙasar Hausa, wanda ya taso daga rubutun Alƙur'ani na ruwayar Warshu, inda ake rubuta g da غ, ƙ da ق, c da ث, ɗ da ط. Na matasa kuwa shi ne wanda suka ƙirƙira wa kansu a saƙonnin waya bisa lafazin Larabcin Sudan, inda ق ake furta shi g, don haka da muka ba su shafin farko, duk inda aka rubuta ƙasa sai su karanta gasa. Bayan wannan akwai batun ɗigo: a rubutun Magariba fa ɗigonsa a ƙasa yake, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, wanda shi ne daidai siffar fa a rubutun gabas da ake koyarwa a makarantun Sudan. Akwai kuma hanya ta uku, daidaitaccen tsarin rubuta harsunan Afirka da harafin Alƙur'ani da ISESCO, hukumar ilimi da kimiyya da al'adu ta ƙasashen Musulmi, ta ɗauki nauyi, wanda Cibiyar Yusuf al-Khalifa da ke jami'armu take aiki a kansa. Mun duba shi, tsari ne mai kyau kuma mai hawa kwamfuta, amma masu karatun da muke nufi, tsofaffinsu da matasansu, ba da shi suka saba ba.

Wanda ya warware mana shi ne wani malamin allo a Mayo, dattijo mai kwafar tsofaffin waƙoƙin wa'azi da hannu, wanda muke kira Baba Malam. Na kai masa shafuka iri biyu na zauna a ƙasa ina jira. Da ya gama dubawa ya ce, "Ɗana, ɗigo ku bi na yaran nan, mu mun zauna da Larabawa mun iya nasu, su kuwa ba su iya namu ba. Amma harafi kada ku taɓa shi, don in kun mayar da ƙaf ya zama ga, ranar da yaro zai ɗauki waƙar kakansa ba zai iya karanta ta ba." Na ce, "Baba, to yaya za mu yi da masu karanta ƙasa gasa?" Ya ce a yi musu shafi guda a gaba, harafi da misalinsa, wanda ya iya Larabci zama ɗaya ya ishe shi. Haka muka yi: ƙimar haruffa ta gargajiya, ɗigo na gabas, yamala a ƙarƙashin harafi don wasalin e, da shafin mabuɗi a farko. Wasulan o da u kuwa muka bar su da rufu'a ɗaya kamar yadda aka gada, ma'ana ce ke raba su.

Mayar da rubutu daga boko zuwa ajami ba kwafa ba ce, domin ajami yana nuna tsawon wasali, boko kuwa ba ya nunawa. Kowace kalma sai an furta ta a ji ko wasalinta dogo ne ko gajere, kuma inda bakin Sakkwato ya saɓa da na Kano, bakin marubucin muka bi. Mutum biyu ke zama, ɗaya yana karantawa da ƙarfi ɗaya yana bugawa, sa'annan na uku da bai ga bokon ba ya karanta ajamin a ji ko abin da aka nufa ya fito. Wannan karatu da ƙarfi ya tona jimloli da yawa da suka tsallake duk zaman sharhi, waɗanda ido ya yarda da su amma harshe ya ƙi, har ya kai ga mun koma bokon mun sake gyara. A wajen zanen haruffa mun gwada biyu daga na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, Alkalami wanda ya kwaikwayi rubutun Alƙur'anin Kano, da Harmattan wanda ya fi sauƙi a idon wanda ya saba da littattafan makaranta, muka ɗauki na biyun. Ajami mai cikakken wasali yana son manyan haruffa da tazara tsakanin layuka, saboda haka ya cinye shafi 96, boko ya tsaya a 64.

Kafin bugu mun nemi lambar ajiya da lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi ta duniya, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, kamar yadda ake yi wa littattafan da ake bugawa a Sudan, muka sa bayanan a bayan shafin take. A maɗaba'a kuwa abu biyu ne zan ja hankalin duk mai niyyar irin wannan aiki a kansu. Na farko, kada a kai fayil ɗin da za a iya buɗewa a gyara, domin a kwamfutarsu duk ƙ da ɗ da ɓ ƙananan akwatuna suka zama. A kai PDF da aka cusa zanen haruffa a cikinsa. Na biyu, littafinmu fuska biyu gare shi, boko yana farawa daga hagu, ajami daga dama, su haɗu a ciki, kuma ma'aikacin da ke jera shafuka a kan faranti ba ya jin Hausa, ba zai gane shafi ya kauce ba. Sai da na naɗe fararen takardu na yi ɗan littafin gwaji, na rubuta lambar kowane shafi da hannu, muka riƙa gwada kowace malzama da shi kafin a ɗora ta a inji. Ɗaukewar wutar lantarki ta ja bugun ya wuce lokacin da aka yi mana alkawari, amma wannan kowa a birnin yana fama da ita.

Ƙaddamarwar irin ta Sudan muka yi, wadda suke kira tadshin, inda ake gayyato masu sharhi su tattauna littafi a gaban marubutansa, ba irin tamu ta gida da babban baƙo ke sayen kwafi ɗaya da kuɗi mai yawa ba. An karanta labari ɗaya daga ɓangaren dama, ɗaya daga na hagu. Ɗalibai sun saya a kan kuɗin da aka kashe, sauran kuma muka ɗora a motocin Mina al-Barri, babbar tashar motar Hartum, zuwa Gadarif da Kassala da Sinnar, inda 'yan zaure suka raba wa makarantun allo da majalisun unguwa. Martanin da ya dawo ba yabo ba ne zalla. Wasu dattawa sun ga bai dace a fito da zancen takardun ɗan ƙasa a littafi ba, wasu kuma sun tambayi dalilin da ya sa babu waƙa ko ɗaya, tambayar da nake ganin tana da hujja, tun da a wurinsu ajami da waƙa tare suka san su.

Abin da zauren ya samu bayan haka ba kyaututtuka ba ne, amma ana iya lissafa shi. Mata uku sun aika sababbin labarai zuwa Hikayata ta 2022. Wani ɗan Kassala ya mayar da nasa Larabci ya shiga gasar gajerun labarai ta matasa mai ɗauke da sunan Ɗayyib Salih, wadda Cibiyar Abdulkarim Mirgani ta Umdurman take shiryawa. Biyu daga cikin waɗanda suka fara da naɗar murya sun koyi boko har suna buga nasu da kansu, mu kuma baƙi da dama mun fita da ajamin da a gida karatun allo kawai ya bar mana inuwarsa. Wata ɗaliba ta ɗauki kundin a matsayin abin nazarin kammala digirinta, a kan kalmomin aro a maganar mutanen cikin labaran.

Mun buɗe kiran kundi na biyu bayan rikicin jihar Shuɗin Nilu na watan Yulin 2022, wanda ya ci rayuka fiye da 100 ya kuma raba dubban Hausawa da gidajensu, kuma labaran da suka fara shigowa sun nuna haka. Ba mu kai ga zaɓe ba yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023. Mu baƙi aka kwashe mu a motoci, wasu ta iyakar Masar wasu ta Port Sudan, masu gida kuma suka koma garuruwansu, waɗanda ke Wad Madani suka sake tashi a watan Disamban 2023. Ragowar kwafin littafin a ɗakin ajiya muka bar su, amma fayilolin suna hannun mutum uku a ƙasashe uku. Zaman sharhi yanzu da saƙon murya ake yinsa, bisa tambayoyi biyun nan, kuma an ɗaga iyakar labari zuwa kalmomi 2,000. An tsayar da cewa za a buga ajamin a kwamfuta a Gadarif, bokon a Kano, a yi amfani da ƴ kamar yadda aka yi wa 'yan Nijar alkawari, a kuma ware malzama guda ga waƙoƙi.